Yadda za ku bi sawun ciwon zuciya na haihuwa a cikin danginku

Ni ungozoma ce a wata matarniti a nan Damagaram, kuma akwai tambayar da nake yi wa duk wadda ta zo awon fari: a gidanku ko gidan mijinki, an taɓa samun jaririn da harshensa ke yin shuɗi, ko wanda ya koma yana goye ba a san dalili ba? Yawanci sai a ce mini, "Wallahi Malama, ban sani ba." Wannan rashin sanin yana damuna, domin amsar tana nan cikin gida, a bakin tsofaffi, kuma ba a biyan ko dala kafin a same ta.

Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da matsala a ginin zuciyarsa: huji a bangon da ya raba ɗakunan, ko ƙofar jini da ta tsuke, ko jijiyar da ta fito ta inda bai kamata ba. Zuciya tana fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, kafin mako 8 kuma ginin ya kusa kammala. Matanmu ko sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar suke zuwa awo. Shi ya sa wannan aikin na kafin ciki ne, in da hali ma kafin a yanka sadaki.

Ku fara da zaɓen wanda za ku tambaya. Uwa takan ji nauyi, balle in zancen ya shafi ɗan fari. Kaka da gwaggo sun fi sakin baki. Ku same su bayan la'asar, gida ba kowa, ba a taron suna ba. Kuma kada ku ce, "Akwai ciwon zuciya a danginmu?" Za a ce muku Allah ya kiyaye, ko a kawo zancen hawan jinin Alhaji. Ku bi ta alamu: "Gwaggo, haihuwar Inna nawa ce duka, har da waɗanda suka koma? Wanda ya koma ɗin, yaya yake shan nono?" Wata tsohuwa daga wajen Mirya da ta rako jikarta ta taɓa ba ni amsa haka: "Ai ɗiyata, wannan yaron in ya kama nono sai zufa ta karyo masa a goshi, ko da hunturu ne. Ya ja kaɗan ya saki, yana haki." Duk tsawon shekarun nan gidan sun bar shi a kan tamowa ce ta kashe shi. Ni kuwa abin da na ji a bakinta bayanin zuciyar da ta kasa ne.

Ku sami takarda ku rubuta zuriya uku, ɓangaren miji da na mata duka: ku da ƴan'uwanku, iyayenku da nasu ƴan'uwan, sai kakanni. Kowane yaro da ya rasu, a sa shekarunsa da alamun da aka gani, har da ɓari da wanda aka haifa ba rai. Na ce duka ɓangarorin ne da gangan. Kowane mutum kuromozom 46 gare shi, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, 23 daga uba, 23 daga uwa. Raina yana ɓaci in na ga an laƙaba wa mace wabi, an yi mata kishiya a kan haka, alhali babu wanda ya taɓa tambayar abin da ya faru a ɗakin uwar mijin.

Ku ware abu ɗaya: yaron da ya tashi lafiya lau, sai ya kai shekara goma ko fiye ya fara ciwon gaɓoɓi da kumburi bayan ciwon maƙogwaro, wannan ƙwayar cuta ce ta lalata masa ƙofofin zuciya. Ba gado ba ne.

Daga nan ku tambayi alamun da ke bayyana a jiki, domin wasu cututtukan gado ba zuciya kaɗai suke taɓawa ba. Yaron da ke da tirizomi 21, wato ciwon Down, kuromozom ɗinsa 47 ne, kuma kusan rabin irin waɗannan yaran suna da matsalar zuciya. Yawanci ba daga dangi yake gangarowa ba, da shekarun uwa yake tafiya: wajen 1 cikin 350 a shekara 35, wajen 1 cikin 100 a shekara 40. Akwai kuma ciwon DiGeorge, inda ɗan guntu ke ɓacewa daga kuromozom na 22. Yaron kan zo da tsagaggen ganɗa, da jijjiga saboda ƙarancin kalsiyom, da yawan laulayi. A ciwon Holt-Oram, babban yatsan hannu ne ke fitowa a karkace ko babu shi sam, tare da huji a zuciya. Waɗannan biyun, in uba ko uwa na ɗauke da su, kowane ciki rabi da rabi ne. Yarinyar da ta tsaya gajera, wuyanta da faɗi, al'ada ta ƙi zuwa, a duba ta don ciwon Turner, wanda kan zo da tsukewar babbar jijiyar jini.

In kun gama rubutun, kada ku firgita da abin da kuka gani. Mafi yawan yaran nan ba a gano musu wata ƙwayar gado guda da za a nuna. Ma'auratan da suka haifi yaro ɗaya mai matsalar, haɗarin maimaituwa wajen 2 zuwa 3 ne cikin 100. In yara biyu ne, yakan kai wajen 10. In uwa ce da kanta aka haifa da ciwon, haɗarin ya fi na uba.

Sai zancen auren zumunci, wanda na san ba a son a taɓa. Ɗan wa da ɗiyar ƙane sun haɗa kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka abin da ke ɓoye a jikin kaka yana iya haɗuwa ta ɓangare biyu a jikin jika. Haɗarin nakasar haihuwa gaba ɗaya yana tashi daga wajen 2 ko 3 cikin 100 zuwa kusan ninki biyu. Ba na cewa a daina, yawancin ƴaƴan irin wannan aure lafiyarsu ƙalau. Amma in takardarku ta nuna jarirai sun yi ta komawa a ɗaki ɗaya, ku kai ta wurin likita kafin a sa rana. Gwajin sikila da ake yi kafin aure ba ya nuna wannan.

Abin da ke hannunku kafin ciki ba shi da yawa, amma yana da nauyi. A auna sukari, domin ciwon sukarin da ba a daidaita ba yana ninka haɗarin. A fara shan folik asid, mikrogaram 400 kullum, tun kafin ciki ya shiga. Mai shan Dépakine don farfaɗiya ta ga likita ya duba canji, kada ta yanke da kanta.

Ciki na shiga, a zo awo da wuri, a nuna takardar, a ce a rubuta a karne. Tsakanin mako 18 da 24 a nemi ekografi, wato hoton ciki, a faɗa wa mai dubawa ƙarara cewa zuciyar jaririn ake so ya duba. A haihu a asibiti. Bayan awa 24, a roƙi a maƙala wa jaririn ɗan na'urar auna iskar jini a hannun dama da ƙafa; in ta nuna ƙasa da 95 a sake, in ƙasa da 90 ce a nemi takardar zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder nan take.

A gida kuma, kada ku nemi shuɗi a fata, fatarmu ba ta nunawa. Ku buɗe bakin ku duba harshe da dasashi a hasken rana. Ku ƙirga numfashinsa yana barci, minti ɗaya cif da agogon waya. In ya wuce 60, ko yana zufa yana sakin nono, ko nauyinsa ya tsaya a sikeli, ku kawo shi ranar, ko da sunan bai zo ba.