Sabon zuwa Yamai: haɗa rauta biyu don intanet ya kai ƙuryar gida

Duk wanda ya taso daga Kano ko Katsina ya kama haya a Bukoki ko Lazaret, kafin sati ya zagayo zai gane cewa ginin Yamai ba ya barin wifi ya ratsa. Bulo ne na siminti, ƙofofi na ƙarfe, ga ɗakuna a jere. Akwatin intanet yana falo, amma uwargida sai ta baro ɗakin ƙurya ta tsaya tsakar gida cikin rana, ta ɗaga waya sama, kafin ta ga fuskar mahaifiyarta a WhatsApp. Na sha ganin baƙi sun ruga sun sayi akwati na biyu da sabon layi, suna biyan kuɗin wata sau biyu. Wannan asara tana ba ni takaici, domin kebul guda da tsohuwar rauta, wato na'urar da ke watsa wifi, sun isa.

Ko akwatinka na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, juya shi ka duba bayansa. In akwai rami mai suna LAN, aiki ya yi sauƙi. Ƙaramin nan na aljihu mai batir galibi ba shi da ramin. In za ka sayi kebul ɗin, a shagunan kayan kwamfuta ka ce RJ45, za su gane. Kuma a nan "wifi" ake furtawa irin na Faransanci, ba "waifai" ba. Ka auna nisan da igiya kafin ka fita, ka ƙara ɗan rara. Kebul ɗin yana kai mita 100 ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba.

To, ga inda ake yin tuntuɓe. Kowace rauta tana raba wa wayoyi lambobi, aikin da ake kira DHCP. In biyu suna rabon a gida ɗaya, sai ka ga waya ta kama wifi amma ko saƙo ba ya fita, ka yi ta zargin kamfani a banza. Don haka kar ka haɗa su tukuna. Danna maɓallin mayar da rauta ta biyu sabuwa da tsinken ashana na kamar daƙiƙa 10, ka shiga shafinta da adireshin da ke manne a ƙarƙashinta. In shafin ya zo da Faransanci kar ka firgita, nemi "Réseau". LAN da DHCP haruffansu ba sa canzawa. In babbar tana 192.168.8.1, kamar akwatunan Huawei da yawa, ba ƙaramar 192.168.8.2. Sake shiga da sabon adireshin, ka kashe DHCP ɗinta. Sai yanzu za ka soka kebul, daga LAN zuwa LAN, ka bar ramin WAN, wanda aka tanada don shigowar intanet daga waje, wayam.

Ka ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, waya za ta riƙa komawa kan mai ƙarfi da kanta. Tashoshin wifi (channel) kuwa ka raba, wannan 1, waccan 6 ko 11.

Idan maƙwabci za ka ja wa, ku raba kuɗin wata, ni dai na fi son a soka a WAN ɗin rautarsa, a bar DHCP a kunne, a ba ta jeri daban kamar 192.168.2.1, da nata suna da kalmar sirri. Ranar da lissafi ya ruɗe, zare kebul kawai za ka yi. Haɗi ba kebul yana yiwuwa, amma yakan cinye kusan rabin gudun.

Rautar da ka zo da ita daga gida filoginta mai baki uku ne, soket ɗin nan kuwa ramuka ne zagaye, sai ka sayi adafta. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, wuta kuma tana yawan ɗaukewa, don haka kar ka ɗora ta a taga ko dab da kwanon rufi. Yawancin rautoci wuta mai ƙarfin bolt 12 suke ci, ƙaramin batir na rauta zai riƙe maka su. Kebul ɗin da zai ratsa tsakar gida ka zura shi cikin bututun roba saboda rana da awaki, in hadarin damina ya taso da tsawa kuma ka zare shi.