Yadda za ku haɗa guruf ɗin masu koyon kodin a unguwa, kuma ya ɗore

Buɗe guruf a WhatsApp ba wani aiki ba ne, minti biyu ka gama, ka sa masa suna mai nauyi ka zuba mutane a ciki. Inda aikin yake shi ne bayan wata uku a ce har yanzu ana haɗuwa ido da ido, kuma wanda kod ɗinsa ya ƙi tafiya da tsakar dare yana da wanda zai tura wa. Daga Nima da Mamobi zuwa Newtown har Madina, samari da 'yan mata masu son wannan harka ta kodin, wato rubuta umarnin da kwamfuta ke bi, suna da yawa, sai dai kowa yana fama shi kaɗai a ɗaki da YouTube, bandul ya ƙare, abu ya ƙi fahimtuwa, sai ya ajiye ya ce ba rabonsa ba ne. To ga yadda nake ganin ya kamata a tsara abin.

Ku fara da mutum biyar ko shida waɗanda kun san za su zo, ba ɗari ba. Sannan ku tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, kada ku riƙa canzawa. Ranar fa sai an yi tunani, don duk ɗan zango ya san Lahadi ta biki ce da suna, in ka sa haɗuwa ranar kai kaɗai za ka zauna da estanshan ɗinka. Laraba kasuwar Nima ce, masu taya iyaye a shago ba za su samu fita ba. Safiyar Asabar kuma yara da wasu manyan suna makarantar Islamiyya. Abin da ya rage mai kyau shi ne Asabar bayan azahar, a yi hutu a yi la'asar, a tashi kafin magariba. Ko mutum uku ne suka zo a zauna a yi, don ranar da aka fara cewa "yau ba mutane, sai wani sati", daga ranar abin ya fara mutuwa.

Wurin zama kuma kada ku ce sai kun samu ofis mai AC. Ajin makarantar unguwa bayan an tashi yara ya isa, in dai akwai soket da benci. Amma ba ta waya ake neman irin wannan ba, ku je ku biyu ko uku wajen malamin makarantar ko limamin unguwa, ku gaisa yadda ya kamata, ku ce Malam ga abin da muke so mu yi, ga ranar, ga lokacin, kuma kuɗin wutar da za mu sha mu za mu sa a mita. Ku buɗe laftof ku nuna masa abin da kuke koya da idonsa. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda kuke zato, saboda a nan Accra in dattijo ya ga samari shida sun haɗa kai a kan laftof, abin da zai fara zuwa masa a rai sakawa ne, kuma ba laifinsa ba ne. In Malam ya gane, shi da kansa zai gaya wa iyaye, sai ka ga Hajiyar da ta hana 'yarta zuwa ita ce ke tambaya ko akwai sauran wuri. Ku ma ku sa doka tun ranar farko, duk wanda ya zo neman yadda ake shiga akawun ɗin mutane ko yaudarar MoMo, nan ba wurinsa ba ne, kuma ba a yi masa kara.

Sai batun wane yaren kod za a koya. Nan ne ake ɓata wata guda ana musu, wannan ya ce JavaScript wancan ya ce Python, wani ya ce ai yanzu AI ake yayi. Ku zaɓi ɗaya kawai ku bi shi tare na wata uku. Ni dai Python nake ba da shawara ga wanda bai taɓa rubuta layi ɗaya ba, rubutunsa ba shi da hayaniya, kuma a Ghana yana da jama'a, akwai ƙungiyar Python Ghana akwai ta mata PyLadies Ghana, har taron PyCon Africa na farko ma a nan aka yi shi, a Legon, a watan Agustan 2019. In kuma yawancinku shafin intanet kuke so ku gina ku gani da ido, ku bi HTML da CSS da JavaScript a shafin freeCodeCamp, kyauta ne. Kwas ɗin CS50 na jami'ar Harvard shi ma kyauta ne amma yana da zafi, ku bar shi sai an ɗan zauna da gindi.

Data ita ce ke kashe mutane, saboda haka a yi karo-karo. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa duk sati, ko sidi 5 ko sidi 10, a sayi bandul ɗaya babba a sa a mifi ranar haɗuwa, a sa kredit a mita, abin da ya rage a ajiye. Mai riƙe kuɗin kada ya zama shi ne shugaba, kuma duk Asabar ya tura lissafi a guruf, ko sidi 2 ne ya rage a rubuta. Wanda ba shi da shi a wannan satin ba a kiran sunansa a gaban mutane. Wani abu kuma, kada mutum shida su sauke abu ɗaya sau shida. Mutum ɗaya ya sauke VS Code (manhajar da ake rubuta kod a ciki) da Python da Git (mai ajiye tarihin canje-canjen kod) da bidiyon darasin, ya zuba a fendiraib, ya zagaya. Ku ajiye littattafan bayanin ma a kan kwamfuta, shi Python ana iya sauke bayaninsa gaba ɗaya, DevDocs ma, shafin da ya tara bayanan yarukan kod, yana aiki ba tare da intanet ba in an saita shi. Duk wanda yake garin nan ranar 14 ga Maris 2024 ya tuna lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala, intanet ya tsaya cak aka yi kwanaki ana jan ƙafa, wanda kayansa ke cikin hadis ɗinsa, wato hard disk ɗin kwamfutarsa, shi ya ci gaba da karatu. Dumso kuma ba sai na faɗa ba, kowa ya zo da caji cike, a kuma tanadi aikin da za a iya yi a takarda in an ɗauke wuta, kamar bin kod layi-layi da biro ana faɗin abin da zai fito.

Wanda ba shi da laftof fa? Kada a ce masa ya je sai ya samu ya dawo, ba zai dawo ba. A wayar Android ana fara Python da manhajar Pydroid ko Termux, akwai takura amma ana koyon tushe. Ranar haɗuwa kuma a zaunar da mutum biyu a kan laftof ɗaya, ɗaya yana bugawa ɗaya yana karantawa yana faɗin inda za a bi, bayan minti ashirin su sauya. In wani ya tara kuɗinsa zai je Circle ya sayi na hannu, kada ya tafi shi kaɗai, wanda ya san kai ya raka shi, a duba batir, a danna kowane maɓalli na kibod, a tabbatar ba a kulle BIOS (saitin farko da ke tayar da kwamfuta) da fasawod ba, duk kafin a miƙa kuɗi. Tsohuwar laftof da ke jan jiki ma sau da yawa ba mutuwa ta yi ba, a cire tsohon hadis a sa SSD da ya fi shi sauri, a ƙara RAM (ƙwaƙwalwar aikinta) in tana ɗauka, a zuba mata Linux Mint a madadin Windows, za ka sha mamaki. A ware Asabar ɗaya don wannan gyaran kaɗai, kowa ya kawo tasa.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, yadda ake tambaya da yadda ake amsawa, don a nan ne guruf ke rayuwa ko ya watse. Sabon shiga zai rubuto "salam, abuna ba ya aiki, a taimaka", ko ya ɗauki hoton sikirin da waya, hoton ya yi dishi-dishi ga hasken taga a kai. Kada a yi masa dariya, a koya masa. Tambaya mai kyau abu uku take ɗauke da su, me kake so kod ɗin ya yi, me ka rubuta, me ya fito. A Python in ya yi ihu da jan rubutu mai tsawo, layin ƙarshe ne yake faɗin ainihin matsalar, layukan samansa kuma su nuna fayil da lambar layi. In ka ga ModuleNotFoundError, wani ƙunshin kod ne da naka ke nema ba ka sa ba, ko ka sa shi a wani wuri daban da inda kake gudanar da kod ɗin. In IndentationError ne, tazarar farkon layi ce ta karkace. Kuma in za ka tura kod a WhatsApp ka sa shi tsakanin alamar nan ``` guda uku a farko uku a ƙarshe, in ba haka ba WhatsApp zai ɗauki * da _ a matsayin ado ya haɗiye su, sai a yi ta neman kuskuren da babu shi a kod ɗinka. In ya yi tsawo a ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye kod a intanet, a turo link.

Kai kuma mai amsawa, dan Allah cire hannunka daga kibod ɗin mutum. Wannan ita ce cutar waɗanda suka ɗan iya, yaro ya ce yaya duba min nan, sai ya janyo laftof ɗin gabansa, ratata ya gyara cikin sakan goma ya mayar masa, yaron ya ce na gode alhali bai ga komai ba. Ka tsaya a bayansa ka ce karanta min layin ƙarshe, me kake ganin yake nufi, sa print a nan mu ga me ke cikin wannan. Zai ɗauki lokaci amma gobe ba zai sake kiranka a kan wannan ba. Sannan kada amsa ta zama a kan mutum ɗaya, in ba haka ba zai gaji ya yi shiru da guruf ɗin. Wanda ya yi wata biyu shi zai amsa wa wanda ya zo jiya, gwanin ya shigo ne kawai in abu ya gagara. ChatGPT da 'yan'uwansa ba a hana ba, sharaɗin dai duk kod ɗin da ka kawo sai ka iya bayanin kowane layi da bakinka, da Hausa ma in ka so, ai in ka iya yi wa ƙanwarka bayanin loop (maimaita umarni a kod) da Hausa ta gane to ka iya shi.

'Yan mata kuma ba a cewa "ƙofa a buɗe take" a yi shiru. Yarinya ɗaya ba za ta shigo ɗaki mai samari goma ba, a gayyato su su biyu ko uku tare, a ba ɗaya daga cikinsu admin, kuma duk wanda ya ɗauki lambar wata daga guruf ya bi ta inbox da abin da ba karatu ba, a cire shi. Tashi kafin magariba da na faɗa a sama saboda su ne musamman. In iyaye suna shakka a ba su labarin Regina Honu mai Soronko Academy, wadda ta koyar da 'yan matan Nima kodin tun shekarun baya.

Bayan wata biyu zuwa uku a daina darasi zalla, a gina abu ɗaya na gaske wanda wani a unguwa zai yi amfani da shi. Misali rajistar kuɗin makarantar da ta ba ku aji, ko ɗan tsarin lissafin adashi na Hajiyar da har yau take rubutawa a littafi. A je a zauna da ita a ga yadda take yi kafin a rubuta komai. A buɗe ma'aji ɗaya a GitHub, kowa ya yi reshensa, wato kwafin da zai yi aikinsa a kai, kuma ba mai haɗa nasa da babban reshe sai wani ya karanta. Za a yi karo a Git, za a ji haushi, to ai abin da ake yi a wurin aiki ke nan. Sunayen mutane da lambobinsu na gaske kada su hau GitHub, a yi gwaji da na ƙarya, ƙasar nan tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012. In za ku gwada biyan kuɗi ta MoMo, Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, yana da makullan gwaji da ba sa taɓa kuɗin kowa, makullin sirri kuma a ajiye shi a fayil daban a sa sunan fayil ɗin a .gitignore, jerin fayilolin da Git ba ya ɗauka, don kada ya hau GitHub.

Lokaci-lokaci ku hau trotro tare ku leƙa waje. Akwai cibiyar Kofi Annan ta ICT da ke Ridge tun 2003, akwai MEST, makarantar horar da masu kafa kamfanonin fasaha, da aka kafa a 2008, Google ma ya buɗe cibiyar binciken AI a Accra a 2019, sannan ga shirin One Million Coders da gwamnati ta ƙaddamar a 2025. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin bibiyar sanarwa yana turowa, a cike fom tare ranar Asabar, mai Turanci mai ƙarfi ya duba wa sauran.

Kuɗi kuwa, ranar da wani Alhaji zai ce ku yi masa shafin shagonsa, kafin a taɓa kibod a rubuta wa zai yi me, nawa kowa zai samu, nawa za a zuba a asusun guruf, a tura kowa ya gani ya amsa. A karɓi rabi kafin a fara. A saka sabon shiga ɗaya a cikin aikin ko da ɗan ƙaramin ɓangare ne, a biya shi nasa. Fasawod ɗin GitHub da imel ɗin guruf kuma su kasance a hannun mutum biyu aƙalla, sannan duk wata shida a sauya mai jan ragama, don wanda ya fi ƙwazo shi ne zai fara samun aiki a East Legon ko makaranta ta ɗauke shi zuwa KNUST a Kumasi, kuma gara a ce tun kafin ya tafi akwai wanda ya saba karɓar makullin aji a wajen Malam.