Darasi na Tara: Kiyaye Dawowar Aman Jini

Iyayena da 'yan'uwana ɗalibai, wannan darasi na wanda ya taɓa yin aman jini saboda ciwon hanta ne, da kuma mai jinyarsa. Ku ɗora yatsa a kan layi, ku bi shi sannu a hankali, babu mai korar ku.

Kashi na ɗaya: abin da ya faru a ciki

Jinin da ke tasowa daga hanji ta cikin hanta yake bi. Idan hanta ta taurare, ko saboda ciwon hanta nau'in B, ko saboda tsargiyar hanji da ake ɗauka a ruwan noman rani, sai hanyar ta ƙuntata, jinin ya karkata zuwa ƙananan jijiyoyin da ke jikin bututun da abinci ke bi ya sauka ciki. Manoman Kadawa da Kura sun san abin da ke faruwa idan babban kanal ya toshe: ruwa yakan cika ƙananan magudanai har su ɓalle. Haka jijiyoyin nan suke kumbura su fashe. Cikin mutum 10 da suka taɓa yin wannan amai, kusan 6 jinin yakan dawo musu cikin shekara ɗaya zuwa biyu idan ba a ɗauki mataki ba.

Kashi na biyu: ɗauri da ƙwaya

Abu biyu asibiti ke yi. Na farko, likita yana zura siririn bututu mai kyamara ta baki, ya ɗaure jijiyoyin da ƙananan zobban roba, kuma a manyan asibitoci ake yin wannan, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ba a gamawa a zama ɗaya. Ana komawa bayan mako 2 zuwa 4 har sai jijiyoyin sun ƙare. Ranar komawa tana rubuce a katinku. Idan kun ga 14/3, lambar farko rana ce, ta biyu wata ne, wato 14 ga Maris, kuma watan Bature ake nufi, ba na Musulunci ba.

Na biyu ita ce ƙwayar da ke rage ƙarfin jinin da ke danna jijiyoyin, propranolol ko carvedilol. A nan ne na ga an fi tuntuɓe, don haka a nan za mu daɗe. Kullum ake shan ƙwayar nan. Ranar da jiki ya yi daɗi ana sha, ranar kasuwa ana sha, ranar biki ana sha. Ba ta kashe zafi, don haka ba za ku ji aikinta a jiki ba. Aikinta shi ne jinin da bai zubo ba. Ku ɗauko ledar maganin ku duba: idan an rubuta a sha sau 2 a rana, safe da dare ke nan. Ku haɗa shi da sallar Asuba da ta Isha'i, ku yi alama a bayan kati duk lokacin da kuka sha. Wanda ya iya wannan ya iya rabin darasin, kuma na san za ku iya.

Mu sake: kullum ake sha, ko an ji sauƙi. Idan saura ƙwaya ta mako ɗaya, a tafi a karɓo wata kafin ta ƙare. Idan jiri ya dame ku, ku koma wurin likita ya gyara adadin, kada ku daina da kanku. Mai asma ya faɗa tun kafin a rubuta masa, mai niyyar azumi kuma ya tambaya tukuna.

Haba jama'a, ina amfanin mutum ya sayar da akuya, ya biya kuɗin mota daga Ringim ko Gaya, a ƙara masa jinin ɗan'uwansa, sannan ya dawo gida ya cusa maganin a ƙarƙashin katifa don ya ji ƙarfi? Baba, ƙarfin da ka ji bai nuna hantar ta warke ba. Inna, ke ce mai miƙa masa ruwa, ki tsaya har ya haɗiye. Kuma a bar sayen ibuprofen da diclofenac da asfirin a kemis don ciwon jiki, domin suna iya tayar da jinin.

Kashi na uku: kayan kariya

Idan kun ga nas ta sa safar hannu da takunkumi da tabarau da rigar leda kafin ta taɓa majinyacinku, ba ƙyamarsa take yi ba. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake yaɗuwa, aman jini kuwa yana fantsama har ido. Tana sauya safa tsakanin majinyaci da majinyaci, ta wanke hannu bayan ta cire. Ku ma a gida kada ku kwashe amai da hannu tsirara. Ku sa safa ko leda marar huji, ku zuba ruwan bilic a wurin, ku wanke hannu da sabulu. Mutanen gidan su je a gwada su, a yi musu rigakafi, allura 3 ce.

Kashi na huɗu: alamun haɗari

Aman jini, ko bahaya baƙi kamar kwalta, ko jiri mai kayar da mutum. A nemi mota a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, kuma a tafi da katin.

Aikin gida

Ku kwafi ranar komawarku daga kati zuwa littafinku, ku kawo ledar maganinku aji mu karanta tare.