Yadda za ka ziyarci Tsibirin Gobir da ƙauyukan gulbi daga Maraɗi

Lokacin tafiya shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. An cika rumbuna, manoma suna gida, Gulbin Maraɗi ya janye. Da damina kuwa hanyoyin fadama laka ce zalla, mutane duk suna gona, ba mai sukunin zama da baƙo.

Tsibiri na kan babbar hanyar da ta nufi Ƙonni, tafiyar ƴan mintoci daga Maraɗi a kabu-kabu ko motar haya. Ku gama ciniki kafin ka hau, ka kuma riƙe katin shaida, don akwai shingen jami'an tsaro a mafitar gari. Sarkin Gobir Mayaƙi ne ya kafa garin a 1836, bayan yaƙin Gawakuke, inda dakarun Sakkwato suka ci Gobirawa, har yau kuma nan ce fadar Sarkin Gobir.

Fada ita ce zangon farko, kuma da hantsi ake zuwa. Kada ka kutsa kai tsaye. Gaida dogarai da fadawan da ke ƙofa, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka, su za su yi maka iso. Tuɓe takalmi a zaure, ka durƙusa, ka ce "Allah ya ja zamanin sarki", kada ka miƙa hannu sai in an miƙo maka. Tanadi goro da ɗan canji na maroƙa. Hoto sai da izini. Yawancin saɓanin da baƙi ke samu a nan daga ɗaga waya ba tambaya yake farawa. In kana son jin tarihin sarautar Inna, babbar sarautar mata ta Gobir, roƙi a haɗa ka da dattijon da ya sani, ka bar labarin bakin tasha.

A ƙauye ma haka: gidan mai gari tukuna, sannan gona. Shi zai haɗa ka da yaron da zai nuna maka rumbunan gero, da jar akuyar Maraɗi, da gawon da manoma ke bari a tsakiyar gona saboda yana kakkaɓe ganyensa da damina, bai tare wa shuka rana. An ba ka fura, ko kurɓi ɗaya ne ka yi.

Da ka sauka daga kwalta rairayi ne. Rage iskar taya kaɗan, kada ka tsaya a tsakiyar yashi, ka cika tanki tun daga gari.

Jiratawa da lambunan zogale, da tabkin Madarumfa inda ake ziyarar kaburburan waliyyai, suna kudu da Maraɗi, sai ka ware musu rana ta daban. Wajen nan ya kusa iyakar Najeriya, wasu ƙauyukan kuma na fama da ƴan bindiga. Tambayi mutanen wurin halin hanya a safiyar ranar, ka juyo gida da la'asar.