Yadda Baƙo Mai Ritaya Zai Buɗe Asusun Banki a Legas

Kawuna ya gama aikin gwamnati a Maraɗi, ya tattaro ya dawo Agege wurin 'ya'yansa. Wata biyar kuɗinsa na shiga asusun babban ɗansa, har ranar da ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, mutum da furfurarsa ba ya roƙon kuɗinsa a hannun yaro." Washegari muka fara zirga-zirga. Ga yadda abin yake, ga duk dattijon da ya zo daga Nijar, Gana, Kamaru ko Chadi yake son ya riƙe abinsa da kansa.

Mataki na farko ba a banki yake ba, yana wurin hukumar shige da fice. Banki zai nemi fasfo wanda bai ƙare ba, da shaidar cewa zamanka a Najeriya bisa ƙa'ida yake. Ɗan ƙasashen ECOWAS yana shigowa ba biza ya yi kwana 90, amma mai niyyar zama sai ya yanki katin zama na ECOWAS. Wanda ƙasarsa ba ta cikin ƙungiyar, kamar Chadi da Kamaru, katin CERPAC, wato izinin zama na baƙi, zai nema. A Legas ofishin hukumar na Alagbon, a Ikoyi, shi ne wurin tambaya. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barinsu su zauna har sai ta ba da wata sanarwa. Duk da haka mutumin Nijar ya fara tambayar jami'i halin da ake ciki kafin ya biya ko sisi.

A nan ne masu ba da gurguwar shawara suke shigowa. Za a ce da kai, "Ai Hausa kake ji, ka ce kai ɗan Daura ne a wuce wurin." Kada ka yarda. Takardar fanshonka ta ce Maraɗi, asusunka ya ce Daura. Ranar da kuɗi mai kauri ya shigo daga waje aka tsaya bincike, asusun za a rufe, kuma ƙaryar laifi ce a gaban doka.

Da katin zama a hannu, sai lambobi biyu: NIN, lambar shaida ta ƙasa, daga hukumar NIMC mai rajistar mutane, da BVN, lambar tantance mai asusu, wadda banki ke yi maka. Kowacce lamba 11 ce. Tun Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ce cikakken asusu sai da su duka biyun. Ƙaramin asusu, mai iyakar abin da zai ɗauka, shi ne ake buɗewa da guda ɗaya, kuma bai dace da mai karɓar fansho ba.

Kafin a ɗauki hoto ko yatsa, ku baje takardun a kan tabarma ku karanta sunan harafi bayan harafi. Wannan shi ya fi cin lokacinmu. Fasfon Kawu da rubutun Faransanci yake, irin wanda ke rubuta Aboubacar da Mahamadou, ita kuwa yarinyar da ke cike fom ta ji sunan a baki ta rubuta shi yadda muka saba a nan. Kwamfuta ta ce mutum biyu ne. Sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu da jiran mako uku kafin a daidaita. Abin da fasfo ya ce, shi za a kwafa ko'ina, har jerin sunayen da ranar haihuwa. Yatsun tsofaffi kuma sukan ƙi kamuwa don zanen ya shafe. Mun shafa wa Kawu ɗan mai a hannu kafin na'urar ta amsa.

Sauran mai sauƙi ne: hotuna ƙanana biyu, layin waya na Najeriya da aka yi wa rajista da sunan dattijon, da takardar kuɗin wuta wadda ba ta wuce wata uku ba. Ko da sunan mai gida take za a karɓa, amma banki kan turo mutum ya ga gidan, don haka a gaya wa maƙwabta sunan da ke cikin fasfo, domin a unguwa Baba Alhaji kawai suka sani. Asusun ajiya ya wadatar. Asusu mai cak shi ke buƙatar mutum biyu masu irinsa su tsaya maka.

Idan kuɗin zai riƙa zuwa da dala ko yuro, a nemi asusun kuɗin waje tun ranar, a kuma karɓi lambar SWIFT ta bankin, wadda ake turo kuɗi da ita daga ƙasar waje, don aika wa ofishin fansho na gida. A cike gurbin magaji da sunan da ke kan katin shaidarsa. Hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, na lamunce ajiya har naira miliyan 5 a kowane bankin kasuwanci, wanda ya fi haka gara ya raba biyu.

Lambar sirrin kati kuwa, Kawu ya ƙi gaya wa kowa, har ni da na raka shi.