Yadda ake buga zanen su Dalí a katin gidan waya launi bai mutu ba

Zanen siriyalizim, wato mai kama da abin da ake gani a mafarki, kyansa yana cikin sararin sama mai laushi da inuwa mai zurfi. Dubi narkakkun agogunan da mai zane Salvador Dalí ya zana a 1931, ko gajimaren mai zane René Magritte. To, waɗannan wurare biyu ne injin madaba'a ya fi ɓatawa.

Girman kati A6 ne, milimita 105 da 148. Ƙara milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka takan ɗan goce, sai farin layi ya fito a bakin katin. Hoton ya zama 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci. Wanda aka kwafo daga intanet yawanci bai kai ba, a takarda dishi-dishi zai fito.

Aikin yana wajen launi. Allon kwamfuta da RGB yake aiki, wato hasken ja, kore da shuɗi, inji kuwa da tawada huɗu ta CMYK, wato C shuɗi mai haske, M ja mai ruwan hoda, Y rawaya, K baƙi, kowacce ana auna ta daga 0 zuwa 100, don haka mayar da hoton zuwa CMYK da kanka ka ga abin da ya sauya. Shuɗi ne ke fara cin amana: idan adadin M ya matso kusa da na C, sama ta koma shunayya. Bar tazarar maki 30 tsakaninsu. Baƙi ma K100 kaɗai toka-toka yake fitowa, sai a haɗa C60, M40, Y40, K100. Jimlar makin tawadar huɗu kada ta haura 300, in ba haka ba ta ƙi bushewa, ta shafi bayan katin da aka ɗora mata. Inda sama ke sauka a hankali daga duhu zuwa haske, wani lokaci takan fito layi-layi. Zuba mata ɗan tsaki-tsaki (noise) a manhajar gyaran hoto ta Photoshop, kashi 1 ko 2 cikin 100, layin zai ɓace.

Takarda ta zama mai nauyin 350 gsm, wato giram 350 a kowace murabba'in mita, fuskarta mai sulɓi, bayanta ba a shafa masa komai ba, don biro da hatimin gidan waya su kama. Lamineshan, wato siririyar ledar da ake manna wa fuskar kati, mai ƙyalli yana zurfafa launi amma yana kwasar shatin yatsu. Marar ƙyalli ya fi kwarjini, sai dai yana dusashe baƙi, kuma ga zane mai duhu wannan asara ce.

Kafin a buga da yawa, nemi gwaji guda a kan ainihin takardar, ka dube shi da hasken rana.

Sai batun izini. Magritte ya mutu a 1967, Dalí a 1989, kuma a Turai haƙƙin mallaka yana kai shekara 70 bayan mutuwar mai zane. Katin sayarwa sai da lasisi daga masu riƙe da haƙƙin.