Yadda Ake Daidaita Zafi da Sanyi Tsakanin Ɗakunan Gida

Gida ɗaya ne, magini ɗaya ya gina shi, kwano iri ɗaya aka rufa masa. Amma da watan Afrilu ya kama, sai ka tarar ana sharar barci a wannan ɗaki, na kusa da shi kuwa masu shi sun kwashi tabarma sun koma tsakar gida. Da hunturu ya shigo kuma sai labari ya juya, wani ɗakin daban ne bargo biyu ba ya isa a cikinsa. A gidan mai mata biyu ma abin kan wuce maganar zufa ya koma maganar adalci.

Yawancin masu gida da zarar an kawo musu wannan ƙara sai su nufi kasuwa neman ƙarin fanka ko babbar na'urar sanyaya ɗaki. Ni a ganina wannan ne ya kamata ya zo ƙarshe. Zafi yana da hanyar da yake bi ya shiga ɗaki, ko ta rufi, ko ta bango, ko ta taga, ko daga kayan da ke ciki. Muddin ba a gano hanyar an tare ta ba, na'ura za ta yi ta aiki, mita na cinye kuɗi, ɗakin kuma yana nan yadda yake.

Mataki na farko: a auna, a kuma lura da lokaci

A nemi ƙaramin ma'aunin zafin ɗaki, irin wanda ake samu a shagunan kayan lantarki, ba na auna zazzaɓi ba. A ajiye shi daidai tsayin ƙirji, nesa da taga da hasken rana, a ba shi kamar minti goma ya natsu kafin a karanta. A yi haka a ɗakin da ake kuka da shi da kuma wanda ake jin daɗinsa, sau uku a rana: bayan Asuba, tsakanin Azahar da La'asar, da bayan Isha'i. A rubuta a takarda na 'yan kwanaki. Bambancin digiri 1 ko 2 ba abin tayar da hankali ba ne. In ya kai 3 zuwa sama, akwai abin gyara.

Wanda bai sami ma'auni ba yana da tafin hannunsa. Ya hau kujera ya taɓa silin da rana tsaka, sa'an nan bayan Magariba ya bi bango huɗu ɗaya bayan ɗaya yana dafawa.

Lokacin da ɗaki ke ɗaukar zafi shi ke tona asirin mai laifi. In tun hantsi ya fara, ya kai maƙura da Azahar, ya kuma sauka da wuri bayan faɗuwar rana, rufi ne. In da rana da dama-dama amma daga La'asar har tsakar dare sai ya zama tanderu, bangon yamma ne. In kuwa dare da rana duk ɗaya ne, har da Asuba bai huce ba, to iska ce ba ta da hanyar wucewa, ko kuma akwai abin da ke hura zafi a ciki.

Mataki na biyu: rufi

A nan yawancin matsalar take, a nan kuma aka fi yin sakaci. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka wajen ƙarshen Afrilu rana kan tsaya cak a kan tsakiyar kai da tsakar rana, daidai lokacin da zafin bazara ya wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Kwanon da ke shan wannan rana yakan haura digiri 60, baƙi ko mai duhun launi ya fi haka. Tsakaninsa da kan mai barci babu komai sai siririn silin.

A buɗe ƙofar silin a leƙa. Da sassafe ake wannan aiki, a kashe wutar gidan tukuna, a kuma taka katako kawai, don allon silin ba ya ɗaukar nauyin mutum. In tsohon gida ne mai silin asbesto, kada a fasa shi ko a huda, ƙurarsa tana illa ga huhu.

Abu biyu ake dubawa. Na farko, tazarar kwano da silin a kan kowane ɗaki. Sau da yawa za a tarar ɗakin da ke zafi shi ne wanda ya faɗo ƙarshen gangaren rufi, inda kwano ya kusa kwanciya a kan silin, ko kuma ɗaki ne da aka ƙara daga baya aka jingina masa rufi gajere. Na biyu, ko iskar da ke cikin rufin tana da mafita. Gidaje da yawa an toshe su ruf, musamman irin rufin da ake yayi yanzu wanda ake ɓoyewa a bayan bango. Yana da kyan gani daga titi, amma iska mai zafi takan taru a ciki ba inda za ta, ga shi babu bakin kwano da zai yi wa bango inuwa.

Magani mafi araha shi ne a sa magini ya buɗe kafofi: wasu a ƙasa wajen bakin rufi don iska ta shiga, wasu a can sama kusa da ƙololuwa don mai zafi ta fita, tunda ita sama take yi. A rufe su da ragar waya saboda jemagu da tsuntsaye da ɓeraye, a kuma karkata su yadda ruwan damina ba zai feso ciki ba.

Bayan wannan sai takardar alminiyam mai ƙyalli da ake sawa a ƙarƙashin kwano. Tana aiki sosai, amma da sharaɗi, kuma a nan kafintoci da yawa ke ɓata ta. Dole fuskar mai ƙyalli ta kalli sarari, a bar mata tazarar aƙalla inci ɗaya. In aka manna fuskar mai ƙyallin a jikin kwano, zafi zai ratsa ta kai tsaye. Kada kuma a shimfiɗa ta a kan silin ƙyallin na kallon sama, domin ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta dusashe shi. A kafa ta a jikin katakon rufi, ƙyallin na kallon ƙasa. Ba lallai sai an yi wa gida duka ba, ana iya farawa da saman ɗakin da ke da matsala.

Ɗakin sama na bene mai rufin kankare shi kuma fari ne maganinsa. A wanke saman, a shafa farin fenti na rufi, ko farar ƙasa in aljihu bai kai ba, sai dai ita sai an riƙa sabuntawa bayan damina.

Mataki na uku: bangon yamma da tagarsa

Bulon siminti yana shan zafin rana ya riƙe, sai dare ya yi ya fara amayar da shi cikin ɗaki. Bulo mai inci 6 ya fi mai inci 9 saurin ratsuwa. Shi ya sa ginin ƙasa na iyayenmu, mai kaurin bango da rufin soro, yake da sanyi da rana: kafin zafi ya gama ratsa kaurin, gari ya riga ya huce.

A waje ake tare rana. Labule mai kauri yana taimakawa, amma lokacin da haske ya iso labule ya riga ya wuce gilashi, zafin yana cikin ɗaki ke nan. Rumfar zana ko ta kwano a jikin bangon yamma, wadda aka bar wa tazara iska na bi ta bayanta, ta fi labule uku amfani. Ranar yamma a kwance take zuwa, saboda haka 'yar rumfar da ake ɗorawa a saman taga ba ta tare ta. Sai abin da ya tsaya a tsaye, kamar asabari da aka rataya ta waje. Bangon kuma a yi masa farin fenti ko mai haske.

In akwai fili, a dasa darbejiya ko mangwaro ta yamma, a ja da ita 'yan mitoci daga gini saboda saiwa. Ba maganin bana ba ne, amma shi ne mai ɗorewa. A duba ƙasa ma: tsakar gidan da aka malale da siminti ko aka shimfiɗa wa bulon daɓe har jikin bango tana mayar wa ɗaki zafi ta taga har dare.

Mataki na huɗu: a ba iska hanya

Iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da hanyar fita. Ɗaki mai taga ɗaya, ƙofa a rufe, ko an buɗe tagar ba abin da ke motsi. In zai yiwu a fasa taga ta biyu a wani bangon, ko ƙaramar kafa a saman ƙofa. Taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗuwa, mai buɗewa waje ko mai gilashi jere ta fi ta ba da iska. Kafin a kira magini ma, a cire ragar sauro a wanke ta da buroshi. Ragar da ta sha ƙurar wata uku ta kusa zama bango.

A bazara, lokacin da iskar waje ta fi ta ciki zafi, buɗe taga da rana gayyatar zafi ne. A rufe tun hantsi, a buɗe duka bayan Magariba har safe. Fanka ta tsaye da aka ajiye a bakin taga tana kallon waje takan zuƙe zafin ɗaki da dare, iska mai sanyi ta shigo ta ƙofa.

In fankar silin ta wannan ɗaki ba ta gudu kamar ta wancan alhali iri ɗaya ne, yawanci kapasita ce ta yi rauni. Ƙaramin abu ne mai araha, mai gyara zai canza shi nan take. A kuma kashe fanka in ba kowa a ɗakin, jikin mutum take sanyayawa, ba ta rage zafin ɗaki.

A waiwayi kayan ɗakin ma. Firiza, batiran sola da injinsu, tsohon ƙwan fitila mai wat 60 ko 100, bangon da aka haɗa da kicin, duk suna ƙara zafi. Abin da zai fita falo ko baranda a fitar da shi.

Mataki na biyar: sai yanzu maganar AC

In duka ɗakunan suna da na'ura amma ɗaya ba ya sanyi, a ɗaga murfin gaba a zaro ragar tace ƙura, a wanke da ruwa, a shanya a inuwa. A ƙasarmu duk mako biyu ya kamata, musamman bayan hazo. Sa'an nan a fita a duba injin waje: in yana shan ranar yamma, ko an matse shi a lungu yana sake shaƙar zafin da ya fitar, a yi masa inuwa ta sama ba tare da an toshe gabansa ba, a wanke bayansa. A duba soson da aka naɗe bututu da shi, rana takan cinye shi.

Mai gyara zai iya cewa gas ya ƙare. Gas ɗin AC ba ya ƙonewa kamar na girki, zagayawa yake yi a rufaffen bututu. In ya ragu, yoyo ne, galibi a mahaɗar bututu, inda za a ga maiƙo ko ƙanƙara ta taru. A ce masa ya nemo wurin da kumfar sabulu ya toshe kafin ya ɗura sabo, in ba haka ba bayan 'yan watanni zai dawo karɓar wani kuɗin.

Wuta ma tana da hannu. A gidan da aka ja wa layi uku, ɗaya kan yi rauni ya faɗi ƙasa da bolt 230 da ake tsammani, sai fankar na'ura ta yi ta hurawa amma kwamfireso, wato injin da ke zagaya gas ɗin, bai tashi ba. Mai wayarin ya auna, ya sake raba nauyi, ko a sa sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta.

In duk wannan lafiya, sai a dubi girma. Ɗaki ƙafa 12 da 12 yakan wadatu da mai ƙarfin doki 1, wanda ya kai 12 da 16 yana son 1.5, babban falo 2. Ɗakin yamma ko na ƙarƙashin kwano a ƙara masa rabin doki. Na'ura ɗaya a falo kuwa ba za ta sanyaya ɗakunan kwana ta ƙofa ba, ko an saukar da ita digiri 16. A bar ta tsakanin 24 da 26, a haɗa da fanka.

Mataki na shida: ɗakin da ke sanyi da hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu rana takan karkata kudu, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa. Ɗakin arewa ya haɗa biyu ke nan: ba ya ganin rana, ga iska na dukan tagarsa. A kunna kyandir a bi gefen taga da ƙarƙashin ƙofa a hankali, nesa da labule. Duk inda harshen wutar ya karkata, nan iska ke shigowa. Layin ƙura a kan dandamalin taga ma yana nuna wurin. A toshe da soso mai manne ko tsumma, a sa roba a ƙasan ƙofa, a shimfiɗa darduma a kan tayil, a janye gado daga bangon arewa. Da rana a buɗe labulen kudu da ƙofofin ciki ɗumi ya zaga, kafin Magariba a rufe.

Ɗakin da aka toshe haka, kada a kuskura a shigar masa da kaskon gawayi a kwana da shi. Garwashi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, mai barci ba ya farkawa balle ya nemi ƙofa. Haka janareta a baranda ko kusa da taga. In ana son ɗumi, a ji shi a waje ko a rumfa, a kashe wutar kafin a shiga, a ƙara bargo da safa. Yara da tsofaffi kuma a mayar da su ɗakin kudu ko na yamma har sanyi ya wuce.